Tsakanin Zaure da Samaru: Matsayin Mai Neman Digirin Dakta

A cikin birnin Zazzau ba a cika tambayar mai karatun zaure yaushe zai gama ba. Zaurukan Unguwar Juma da na Kona sun daɗe da yin suna a nahawu da fiƙihu, kuma mutum kan yi furfura yana ɗaukar darasi a gaban malaminsa: ya sauke Ishmawi ya shiga Iziyya, ya gama Risala ya kama Askari. Idan malam ya gamsu sai ya ba shi ijaza, shaidar cewa wane ya karɓa daga wane, har silsilar ta tuƙe ga mawallafi. Darajar ɗalibi a nan ita ce ya riƙe abin da aka ba shi, ya miƙa shi bai tauye ba.

Ɗan birnin da ke fita ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada da Kwangila zuwa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru don neman digirin dakta, wani sharaɗi dabam ya ɗauka. An buɗe jami'ar a 1962, amma tsarin digirin ya girme ta nesa ba kusa ba. A jami'o'in Jamus na ƙarni na 19 ya samu siffarsa ta yanzu, Jami'ar Yale ta fara bayar da shi a Amurka a 1861, Oxford ta karɓe shi a 1917. Abin da ake nema a wurin ɗalibi shi ne ya zo da wani abu da ba a sani ba kafin shi, ko da kaɗan ne, ya kuma kare shi a gaban waɗanda suka fi shi. Kalmar dakta kanta daga Latin take, ma'anarta mai koyarwa, abin da ya sa George Makdisi ya yi ƙoƙarin danganta asalinta da ijazar koyarwa ta makarantun Musulunci, kodayake wasu masana ba su yarda da shi ba.

Ba duk wanda ya yi rajista ne ya kai wannan matsayi ba. Sai ya gama kwasa-kwasai, ya tsara shawarar bincikensa, ya tsaya a gaban malaman sashe sun yi mata filla-filla, an amince da batun. Daga ranar babu sauran aji, babu jarrabawar ƙarshen zango da za ta gaya masa inda ya kwana. Abin da ya rage shi ne Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, da fita tattara bayanai, da babi-babin da ke zuwa teburin mai duba aikinsa su dawo da jan biro, ko su daɗe ba su dawo ba. A ƙarshe akwai kariya ta cikin gida, sannan mai jarrabawa daga wata jami'a.

Nan ne tarbiyyar birni ke cin karo da buƙatar digirin. Wanda ya tashi yana durƙusa wa malami, aka koya masa cewa albarkar ilimi tana cikin ladabi, yanzu ana so ya rubuta cewa farfesa wane ya yi kuskure a shafi kaza, ya kawo hujja. Wasu ladabin kan rinjaye su, kundin ya zama tarin maganganun magabata mai kyan tsari wanda bai ce komai ba. Waɗanda aikinsu ya yi ƙarko sun gano yadda ake saɓa wa malami ba tare da an raina shi ba. Yusufu Bala Usman, wanda ya yi karatu a sashen tarihin da Abdullahi Smith ya gina, ya kammala kundinsa kan Katsina a 1974, inda ya ƙi yarda a fassara jihadin ƙarni na 19 da rikicin Haɓe da Fulani kawai. An buga shi littafi a 1981. Kundin Mahmud Modibbo Tukur na 1979, wanda ya tuhumi bayanan da Turawan mulki suka rubuta game da mamayar Arewa, sai a 2016 ya fito littafi, shekara 28 bayan rasuwarsa.

Sai kuma lissafin rayuwa. Galibin masu neman digirin nan magidanta ne ko matan aure masu aiki, da yawansu ƙananan malamai a jami'a ko kwaleji waɗanda ƙarin girmansu ya rataya a kan takardar. Ga kuɗin rajista na kowace shekara, ga yajin aiki: na 2022 kaɗai ya ci wata 8. Shekara uku da aka ƙiyasta takan zama biyar ko shida. Kuma da yake karatun boko ne, mai kalanda, tambayar da ba a yi wa ɗan zaure shi ana yi masa ita a wurin suna da ɗaurin aure. Abokai ma tun kafin lokaci suke kiransa dakta, rabi girmamawa rabi tsokana, alhali babi na huɗu yana kan teburin mai dubawa tun kafin azumi.