Wa ya hana ka shan kwanar hagu a Jega?

1/ Jama'a, zaren nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Maganar taswirar cikin waya ce. Duk sanda wayarka ta ce ka miƙe ko ka sha kwana, akwai mutumin da ya zauna ya rubuta wannan hukuncin. Tambayata ita ce: wane ne shi, kuma ya taɓa taka hanyar?

2/ Akwai wata taswira mai suna OpenStreetMap. Steve Coast ne ya fara ta a Ingila a 2004. Tsarinta irin na Wikipedia ne: kowa zai iya buɗe asusu kyauta ya zana titi, masallaci, rijiya ko asibiti. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps daga cikinta suke ɗiban bayanai, haka ma taswirar da kake gani a Facebook. Google Maps daban ce, ba ita nake nufi ba.

3/ Ni ɗan Alelu ne, a ƙaramar hukumar Jega. Tun ina ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero nake ɗan taɓa wannan aikin na sa kai. Babu albashi, datar ma daga aljihuna take fita. Abin da ya ja ni shi ne haushin ganin garuruwanmu kamar fili, sai layin kwalta ɗaya ya ratsa ya wuce.

4/ To yanzu ba mu kaɗai ba ne a ciki. Apple, Microsoft, Meta, Amazon, TomTom, Grab, duk sun sa ma'aikata masu albashi suna gyara wannan taswirar. Dalilinsu a fili yake. Mai kai kaya gida-gida yana son direbansa ya isa da wuri, mai manhajar tasi ba ya son motarsa ta ɓata. Cikin abubuwan da suke yawan sakawa akwai dokar hana shan kwana.

5/ Bari in fayyace yadda take. Dokar tana da sassa uku: hanyar da ka fito, mahaɗar da ka iso, da hanyar da kake son shiga. Sai a ɗaure ukun nan wuri ɗaya a ce daga nan ba a shiga can. Akwai ta hana hagu, ta hana dama, ta hana juyowa baya, akwai kuma wadda ke cewa miƙewa kawai.

6/ Abin da ya sa na damu da ita: ba a ganinta. In wani ya zana gida a tsakiyar titi, duk wanda ya buɗe taswira zai gani ya yi dariya ya goge. Amma dokar kwana tana kwance a ƙasa shiru. Kai dai za ka ga wayar ta zagaya da kai, ba ta faɗa maka dalili ba.

7/ Yanzu ku dubi Jega. Wanda ya taso daga Sakkwato ta Tambuwal da Aliero nan zai sauka. Wanda zai yi Birnin Kebbi nan zai karya. Wanda zai gangara Maiyama, Koko, Yawuri har Kontagora nan zai bi. Mararraba ce ta gaske. Doka ɗaya ta kuskure a irin wannan wurin tana iya karkatar da baƙin direbobi da yawa.

8/ Direban gida ba ruwansa da waya, ya san hanya kamar yunwar cikinsa. Wanda abin zai shafa shi ne baƙo. Direban tirela da ya zo lodin albasa Aliero karo na farko. Wanda ya ɗauko ɗan'uwansa mai karaya daga wata jiha yana neman masu ɗori. Sabuwar ɗaliba da iyayenta suka kawo makaranta. Waya ta tura tirela cikin lungu, a kwana ana neman yadda za a fito da ita.

9/ Kuma kun san halin da ake ciki da dare. Zagayen da bai kamata ba, wanda zai sauke mutum daga kwalta ya jefa shi hanyar daji bayan magariba, ya wuce maganar ɓata mai.

10/ Ba zan yi wa kamfanonin nan rashin adalci ba. Suna da hannu da yawa, suna da kayan aiki, suna gano titin da bai haɗu da ɗan'uwansa ba su haɗa. Aikin da zai ɗauke ni wata guda saboda rashin wuta da tsadar data, su a yini ɗaya sun gama. A biranen da kowace kwana ke da allonta, kuma motocinsu ke yawo suna ɗaukar hoto, aikinsu yana fita da kyau.

11/ Matsalar tana farawa ne inda babu allo. Taswirar nan tana da tsohuwar ƙa'ida: abin da ke ƙasa shi ake sakawa, wanda wani zai iya zuwa ya gani da idonsa. To hoton tauraron ɗan'adam daga sama yake kallo. Zai nuna maka kwalta da rufin kwano. Ba zai nuna maka allo ba, balle dokar da ba a rubuta ba.

12/ Mu kuwa yawancin dokokin hanyarmu a kan mutane suke. Ranar kasuwa titi ya zama rumfuna. Lokacin sallar Juma'a sahu ya fito har kan hanya. Da damina kwalbati ya cika, hanyar burji ta mutu sai kaka. Akwai inda ɗan kabu-kabu ke ratsawa amma mota ba ta isa ba. Duk wannan babu wanda zai karanto shi daga wata ƙasa.

13/ Na taɓa cin karo da irin wannan. A wata mahaɗa da nake bi kullum na ga an saka dokar hana shan kwanar hagu. Na duba tarihin gyaran, sai na ga ma'aikacin wani kamfani ne. A hoton sama akwai wani dogon abu a tsakiyar titin mai kama da shingen kankare. Ni kuwa na san yashi ne da taya ta tara.

14/ Na rubuta masa a ƙarƙashin gyaran nasa cikin ladabi, na ce Malam nan babu shinge, babu allo, kowa na shiga. Na je na ɗauki hoto na tura. Bayan kwana biyu ya amsa, ya yi godiya, ya cire. Ba mugu ba ne. Aiki aka ba shi, da hoton da bai isa ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne: da ban duba ba fa?

15/ Wannan ba a kanmu aka fara ba. A 2018 'yan sa kai na ƙasar Thailand sun yi ƙorafin cewa ma'aikatan da ke yi wa Grab aiki suna canza hanyoyin da su suka bi da ƙafarsu suka zana, suna dogara da hoton sama. Har maganar ta shiga jaridu.

16/ A wannan shekarar ce gidauniyar OpenStreetMap ta fitar da ƙa'idoji ga masu gyara a ƙungiyance. A taƙaice: ku bayyana ko ku su wane ne, ku faɗi abin da za ku yi, ku tuntuɓi mutanen wurin, ku amsa in an yi muku tambaya. Ƙa'ida mai kyau. Amma in aka zo tuntuɓar mutanen wurin aka tarar ba kowa, wa za a tambaya?

17/ Nan ne nake ganin nauyin ya dawo kanmu. Thailand sun iya ƙorafi ne saboda suna da masu duba taswirarsu. Mu a tsakanin Jega, Aliero da Maiyama, mu nawa ne? Ga jami'a guda cike da masu karanta kimiyya, ga waya a hannun kowa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ba mu cika wurinmu ba.

18/ Ba sai ka iya kwamfuta ba. Ka shiga shafin OpenStreetMap ka nemo garinku. In ka ga kuskure, akwai inda ake ajiye ɗan saƙo a daidai wurin, da Hausa ma ya yi. In kana da Android, manhajar StreetComplete tambayoyi kawai take maka game da abin da ke gabanka. Mapillary kuma ta ɗora hotunan titi ce, masu gyara na nesa su ga allo da idonsu.

19/ Sharaɗi ɗaya, kuma ya hau kanmu kamar yadda ya hau kan kamfani: kada ka saka abin da ba ka gani ba. Kada ka kwafo daga Google, an hana. Kada ka rufe hanya a taswira don motoci sun dame ka a ƙofar gida. Gidajen mutane da sunayensu kuma ba abin sakawa ba ne.

20/ Abin da nake nema wurin kamfanonin kaɗan ne. Inda ba ku ga allo ko shinge a hoton ƙasa ba, ku bar kwanar yadda take, ku ajiye tambaya. Abin da nake nema wurinmu shi ne a samu mai amsa tambayar.

21/ In kai ɗan Jega ne, ko Aliero, ko Maiyama, ko ƙauyukan da ke tsakani, ka duba mahaɗa ɗaya tak da ka fi sani a daren nan, ka faɗa min abin da ka gani a ƙasan zaren nan. Wanda ke son koyo ya yi magana, in mun kai ko mutum biyar ne sai mu sa rana mu zauna. A tura wa direbobi da 'yan makaranta. Allah Ya kai kowa gida lafiya.