Ranar da Bill Joy ya fara tsoron aikin hannunsa

A shekarar 1998, bayan an tashi daga wani taron masana a Amurka, Bill Joy ya zauna hira da Ray Kurzweil a wani otel. Joy ba baƙo ba ne a duniyar kwamfuta, domin yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Sun Microsystems a 1982, kuma ya shafe rayuwarsa yana rubuta manhajoji. Amma da ya ji Kurzweil yana bayani cikin natsuwa cewa lokaci na tafe da na'ura za ta kamo ɗan Adam a tunani, har su gauraya, sai hankalinsa ya tashi. Ya saba cin karo da irin wannan zance a littattafan ƙagaggun labarai. Ranar ce ya ji shi daga bakin mutumin da ya san ba mai zuƙi ta malle ba ne.

Abin da ya ƙara dagula masa lissafi shi ne wani sakin layi da ya karanta a littafin Kurzweil, inda aka yi hasashen cewa mutane za su riƙa miƙa wa na'urori ragamar al'amuransu kaɗan-kaɗan, har ranar da kashe na'urorin zai zama daidai da kashe kai. Ya ga hujjar tana da ƙarfi. Sai da ya juya shafi ya gane cewa kalaman na Ted Kaczynski ne, wanda ya yi shekaru 17 yana aika bama-bamai, ya kashe mutum uku, ya kuma raunata David Gelernter, abokin Joy ɗin. Ya ƙyamaci mutumin, amma ya kasa rushe maganarsa.

A watan Afrilu na 2000 ya fitar da damuwarsa a mujallar Wired. Ginshiƙin maganarsa shi ne bambancin da ke tsakanin makaman ƙarni na 20 da abin da ke tafe. Bam ɗin nukiliya, tun daga wanda aka gwada ranar 16 ga Yuli 1945, yana buƙatar yuraniyom, da manyan masana'antu, da dukiyar gwamnati, kuma in ya fashe sau ɗaya ya ƙare. Ƙwayar cutar da aka sarrafa a ɗakin bincike kuwa tana haihuwar kanta, haka ma mutum-mutumin da aka koya wa ƙera irinsa. Guda ɗaya ya isa. Jarin da ake nema kuma ilimi ne, wanda mutane ƙalilan za su iya mallaka. Saboda haka ya ba da shawarar a bar wasu fannonin bincike da gangan, kamar yadda Amurka ta yi watsi da makaman ƙwayoyin cuta a 1969, kafin yarjejeniyar duniya ta 1972.

Da yawa sun ce ya cika tsoro, wasu suka ce ba a taɓa yi wa ilimi shinge ya tsaya ba. Sai dai ba a jima ba, a 2002, Eckard Wimmer da abokan aikinsa a jami'ar Stony Brook suka haɗa ƙwayar cutar shan inna daga tsarinta da ke rubuce a intanet, da sinadaran da suka yi oda aka aiko musu. Da aka yi wa ɓeraye allurarta, sai suka shanye. A 2005 kuma aka wallafa cikakken tsarin ƙwayar murar 1918, wadda ta hallaka miliyoyin mutane. Joy da Kurzweil, duk da saɓaninsu, suka haɗu suka yi rubutu a jaridar New York Times suna Allah wadai da wallafar.

Joy bai ɗora laifin a kan wasu ya tsame kansa ba. Ya yarda cewa kwamfutocin da ya taimaka aka inganta su ne ke sauƙaƙa wannan aiki, kuma mai ƙira yakan shagala da daɗin ƙirarsa har ya manta tambayar inda za ta kai. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce. Tsarin ƙwayar cutar da aka riga aka buga ba ya komawa ɗakin bincike, shi ya sa Joy ya nace cewa a yi shawarar tun kafin a buga.