Ziyara A Lafagu: Ina Muka Baro Kiradi?

Lafagu tana ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, a yankin da kogin Kwara yake shigowa Nijeriya daga iyakar Binin. Duk wanda ya je zai tarar da abin da muka tarar: manoman shinkafa, da masunta, da masu fito da kwalekwale, da mata masu turara shinkafa su kai kasuwa. Sana'a kam ga ta nan, jari ne babu.

Da aka rufe iyakoki cikin watan Agusta 2019, babban ɗan kasuwa ya sami abin jingina, mai buhu biyu kuwa ya cinye jarinsa a tukunya. Rancen noman shinkafa da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin 2015 manomi aka nufa da shi, ban da masunci, ga kuma ruwa a kansa.

To jama'a, ina muka baro kiradi? Yana nan cikin Risala da muka karanta a zaure. Mai dukiya ya ba da tsabar kuɗi, mai sana'a ya juya, a raba riba bisa kason da aka yanke tun farko, rabi ko sulusi. Idan aka faɗi ba da sakaci ba, hasara ta mai dukiya ce, shi kuwa mai juyawa wahalarsa ce ta tafi. Wannan sharaɗi ne yawancin attajiranmu da manyan ma'aikata suke gudu. Sun gwammace su ba manomi bashi da damina, in kaka ta yi su kwashe buhunansa a wulaƙance.