Ya Yi Wa Aiki Tsufa, Ya Yi Wa Fansho Ƙuruciya

Jama'a, ku ɗan lura da sanarwar ɗaukar ma'aikata da ake turo mana kullum a WhatsApp da Facebook. Da wuya ka karanta uku ba ka ci karo da sharaɗin shekaru ba. Banki zai ce kada mai nema ya haura shekara 26 ko 27. Wani kamfani ya ce 30, mai sassauci ya ce 35. Mun saba da ganin layin nan har ya daina yi mana zafi. Ni kuwa duk sanda na gan shi, wanda ke faɗo mini a rai shi ne magidanci ɗan shekara 47 ko 52 da aka miƙa wa takardar sallama, ba don ya yi sata ba, ba don ya gaza ba, sai don masana'antar ta rufe ko an ce za a rage ma'aikata. Wannan bawan Allah ina aka ce ya nufa?

Mu a Arewa ba labari aka ba mu ba. Masaƙar Kaduna, wato KTL, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe a 2002. Arewa Textiles ta bi sahu, UNTL ma ta tsayar da injinanta a 2007. Duk wanda ya san Kakuri da Makera a da, lokacin da ake tashi daga aiki titi ya cika maƙil da kekuna da babura, ya san abin da aka rasa. Dubban mutane ne, kuma da yawansu sun yi shekara ashirin ko fiye a gaban injin saƙa. Akwai wanda daga ƙarar inji kawai yake gane inda matsala take tun kafin zare ya tsinke. Irin wannan sani ba a makaranta ake samunsa ba, shekaru ne ke kawo shi. Amma da suka fito neman wani aikin, shekarun nan da suka ba su gwaninta su ne aka kafa musu hujja da su. Wasu suka koma acaɓa, wasu gadi, wasu suka tattara iyali suka koma ƙauye. Ma'aikatan KTL da dama sun rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Allah Ya jiƙansu.

Haka aka yi a Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano. Haka aka yi a 2005 da aka haɗe bankuna suka dawo 25 daga 89, har Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank. Haka ma'aikatan Nigeria Airways, da na NITEL, da waɗanda aka sallama lokacin sayar da kamfanonin wutar lantarki a 2013. Kuma abin bai tsaya ba, domin tun daga 2023 wasu manyan kamfanonin waje suka yi ta rufe masana'antunsu a Najeriya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ramin da ke tsakanin sallama da fansho. A dokar fansho ta 2014, sai mutum ya kai shekara 50 kafin a buɗe masa asusunsa na ritaya. In ya rasa aiki kafin nan, sai ya yi wata huɗu bai samu wani ba sannan a ba shi kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara. To, ɗan shekara 45 ya je wurin masu fansho sun ce da sauransa, ya je wurin masu ɗaukar aiki sun ce ya tsufa. Kuma wannan shi ne lokacin da nauyi ya fi yi wa mutum yawa a duk rayuwarsa. Yara biyu suna jami'a, 'ya mace an sa mata rana ana jiran kayan ɗaki, ga mahaifiya a gida da maganinta na wata-wata, ga marayun ɗan uwa da aka bar masa. In ka rufe wa irin wannan mutum ƙofa, ba shi kaɗai ka rufe wa ba, gida guda ne.

Ita gwamnati da kanta ta yarda cewa shekara 50 ba tsufa ba ne. Ma'aikacinta sai ya kai 60 ko ya yi shekara 35 yana aiki. Dokar 2022 ta ɗaga wa malaman makaranta zuwa 65, farfesoshi kuwa tun kafin nan sai sun kai 70. A 2015 ɗan shekara 72 muka zaɓa ya shugabanci ƙasar nan. In ɗan 70 zai iya koyar da likitoci a jami'a, a kan me za a ce ɗan 48 ba zai iya riƙe sito ko lissafin kuɗin gidan mai ba?

Na san abin da masu ɗaukar aiki suke faɗa. Wai babba bai iya kwamfuta ba, wai yau lafiya gobe asibiti, wai ba zai yarda yaro sa'an ɗansa ya ba shi umarni ba. Maganar kwamfuta akwai ƙamshin gaskiya a wasu lokuta, amma abu ne da ake koya cikin 'yan makonni. Dattawan da ke tura kuɗi ta waya a kasuwannin ƙauye ai ba da shi aka haife su ba. Maganar girman kai kuma, mutum ake gwadawa, ba shekarar haihuwarsa ba, don akwai yara masu taurin kai, akwai manya masu sauƙin hali. A ganina ainihin dalilin shi ne wanda ba a faɗa: yaro ya fi arha, kuma ya fi sauƙin juyawa. Za a ba shi albashin da bai kai ya kawo ba, a ɗauke shi a kwantiragi, a sa shi aiki har dare, bai san haƙƙinsa ba balle ya tambaya. Wanda ya yi shekara ashirin yana aiki ya san mene ne giratuti, ya san hutun shekara, ya san abin da doka ta ce. Shi ake gudu. Sai a lulluɓe abin da sunan ana son "sabon jini".

Ku dubi kuma abin da wannan sharaɗi yake mayar da mutanen kirki. Dattijo mai salla a sahun gaba zai je kotu ya yi rantsuwar rage shekaru. Zai shafa baƙi a gemu kafin ya shiga intabiyu. Zai goge shekara goma na aikin da ya yi da guminsa daga takardunsa, don kada a ƙirga a gano. Wani maƙwabcinmu, tsohon akawu, ya taɓa ce mini: "Malam, abin da ya fi mini ciwo ba rashin ɗauka ba ne. Ko takardun ba sa buɗewa. Furfurata suke kallo su ce, Baba, za mu neme ka." Wannan "Baba" da muke faɗa don girmamawa, a ofis ta zama sallama. Kuma irin mutanen nan ba sa kuka a fili, kunya ba ta barinsu. Da safe zai saka kaya masu kyau ya fita kamar mai zuwa aiki, ya wuni a majalisa ko a gindin bishiyar masallaci, sai dai daga baya a ji hawan jini ya kayar da shi. Mata kuwa nasu ya fi muni, musamman wadda mijinta ya rasu ita ke riƙe da gida, domin wasu wuraren ƙuruciyar fuska suke nema tun kafin su tambayi me ta iya.

Ƙannena matasa, na san za ku ce ku ma ba ku da aikin, manya su matsa su ba ku wuri. Ban raina kukanku ba. Amma wuƙar nan ɗaya ce take yankan ku da su. Yajin aikin ASUU ya cinye wata tara a 2020, ya ƙara cinye wata takwas a 2022. Ɗan talakan da ya sha jiran gurbin karatu, ya gama, ya yi bautar ƙasa, kafin ya juya ya wuce 27, banki ya ce ya tsufa. Wanda aka kai jami'ar kuɗi ko ƙasar waje shi ke gamawa yana 21. Ashe sharaɗin shekaru ɗan mai hali yake yi wa aiki. Kuma wanda yake 28 yau, in Allah Ya ba shi rai, zai kai 48.

A Amurka tun 1967 suke da dokar da ta hana nuna wa ɗan shekara 40 zuwa sama bambanci wajen aiki. Birtaniya ta sa shekaru cikin abubuwan da dokarta ta daidaito ta 2010 ta kare. Mu kuwa sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci ƙabila da asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci shekaru ba. A 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira a daina sa sharaɗin shekaru a tallan aiki, amma kira daban, doka daban, ga shi har yau sanarwar na fitowa yadda ta saba. Ya kamata 'yan majalisarmu da ƙungiyoyin ƙwadago su riƙe maganar nan har ta zama doka mai hukunci.

Kafin nan, da mu nake. Alhaji mai gidan mai, Hajiya mai makaranta, masu shaguna a Kantin Kwari da Singa, masu kamfanonin shinkafa da na sufuri: ku cire layin shekarun nan daga sanarwarku. Ku kira mutum ku zauna da shi, ku gwada shi wata uku, in bai iya ba ku sallame shi a kan rashin iyawa. Kai kuma mai karanta wannan, in akwai irin wannan dattijo a unguwarku, kada ka tsaya a kan ɗan abin cefane da kake miƙa masa a ɓoye. Tambaye shi me ya iya, ka karɓi takardunsa, ka kai su da hannunka wurin wanda yake jin maganarka.