Ɗakin Baba Na Biyu

Mahaifina yana da ɗakuna biyu. Na farko yana gidanmu da ke Kawo, inda da ƙyar yake yin kwana shida a wata. Na biyu kuwa shi ne kan tirelar da yake tuƙawa: wani siririn gado a bayan kujerar direba, da bargo, da buta, da carbi rataye a jikin madubi. A nan ya cinye mafi yawan shekarun da ya yi yana jigilar hatsi daga Kaduna zuwa Legas, ta Mando da Birnin Gwari da Tegina, ya ratsa Mokwa, ya ƙetare Kwara a Jebba. Motar ba tasa ba ce, ta maigidansa ce. Abin da Baba ya mallaka a cikinta amana ce kawai.

A da, idan zafi ya matsa da dare, yakan bar inji yana aiki domin fanka ta juya. Da farashin man dizal ya yi tashin gwauron zabo a 2022, sai maigida ya fara ƙirga kowace lita. Baba ya koma kunna fanka da batirin mota, har wata safiya a layin Apapa ya murɗa makulli, mota ta yi shiru, waɗanda ke bayansa suka wuce shi. Tun daga ranar ya riƙa shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, sauro yana yadda ya ga dama da shi. Sau biyu yana dawo mana da zazzaɓi.

A lokacin ina karatun lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ina kuma jin cewa babu wayar da za ta gagare ni. Na zauna na yi lissafi. Wutar tirela bolt 24 ce, daga batira biyu da aka jera. Idan aka ja bolt 12 daga guda, zai riga ɗan'uwansa mutuwa. Saboda haka sai a ware wa ɗakin nasa batirin, mai bolt 12 da amfa-awa 100, wato wat-awa 1,200, wanda rabinsa kaɗai ya kamata a sha idan ana son ya yi ƙarko. Fanka mai wat 20 za ta ci 200 a awa goma. Ƙwan fitila da cajin wayar hannu ba za su kai rabin haka ba. Farantin sola mai wat 150 a bisa rufi zai mayar da abin da aka sha kafin la'asar.

Baba ya daɗe yana kallon takardar, ko da yake lambobin ba su gaya masa komai ba. Ni yake aunawa. Daga ƙarshe ya ce, "Zan nemi izinin Alhaji. Amma ka sani, da sunana zan nema."

Na sayi farantin da na'urar daidaita caji a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, masu walda a Panteka suka ƙera mini mazauninsa. Ranar aiki, sai da magariba ta kawo jiki na lura ban sayo fis ba. Shaguna sun rufe, ga shi Baba zai yi lodi washegari. Na san darasin sarai, an koya mana shi a aji, amma na ce wa zuciyata tafiya ɗaya ba za ta zama komai ba. Na zura wayar ta wata huda a ƙarfen bayan kujera, ban ko naɗe ta da roba ba. Fanka ta juya, yaron mota ya yi tafi, kaina ya ƙara girma.

Da safe na bi su zuwa Mararraban Jos. Ba mu yi nisa da gadar Kawo ba sai ƙaurin roba ya cika kan motar. Girgizar hanya ta sa bakin ƙarfe ya yanke fatar wayar, jan ƙarfen cikinta ya taɓa jikin mota. Hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin gado. Ni mai lissafi na daskare a zaune. Baba ya gangara gefen titi, ya ɗaga katifa, ya fizge wayar daga kan batir da hannunsa. Wutar ta zana masa layi a tafin hannu, wanda yake nan har yau.

Na jira faɗa, bai zo ba. Da ya zage ni, da na sami sauƙi. Ya ɗaure hannunsa da tsumma, ya kira maigidansa a gabana, ya gaya masa duk abin da ya faru ba tare da ya ambaci sunana ba. Bayan an gama lodi ya juyo da mu Panteka, wurin wani dattijo mai rewaya da suka san juna tun suna yaran mota.

Dattijon ya juya ƙonanniyar wayar a hannunsa, ya ce, "Ɗana, lissafinka daidai ne. Amma batir ba ya tambaya ina za a kai wutar. Ka ba shi gajeriyar hanya, sai ya zazzage abin da ke cikinsa gaba ɗaya." Ya nuna mini cewa waya fis yake karewa, ba fanka ba, don haka dole ya zauna kusa da kan batir, bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma ƙarfinsa ya gaza abin da wayar za ta iya ɗauka. Ya sa na fitar da batirin daga ƙarƙashin gado zuwa akwati a waje, saboda iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta. Ya ba ni waya mai kauri da zoben roba na huda. Bai taɓa sifana ko sau ɗaya ba. Baba ne ya ce a bar ni in sake aikin da hannuna, ya zauna a kan benci yana kallo har na ɗaure kusa ta ƙarshe.

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ni dai ba rashin sani ne ya kusa ƙone motar mutane ba. Raina ƙaramin abu ne, da ɗaukan amanar wani da sauƙi domin ba ni na kwashe shekaru ina tara ta ba.

Bayan mako biyu Baba ya kira ni da tsakar dare daga Apapa. Ya ce fis ya tsinke a Mokwa, ya duba ya ga wayar caji ce ta lalace, ya cire ta, ya canza fis yadda na nuna masa. A bayan muryarsa ina jin kaɗawar fanka.

"Idan ka shiga kasuwa," in ji shi, "ka sayo mini guda biyar. Abokan aikina kuma suna tambayar nawa za ka yi musu."

Na ce masa sai na fara shawara da dattijon Panteka. Ya yi ɗan shiru, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya kashe wayar.