Kayen Inna

Yau ba labarin kasuwa ko na gona muka zo da shi ba. Wani laifi ne namu muke so mu faɗa, don ya kwana biyu yana cin mu.

Ranar Talata, muna cikin shirin gaishe-gaishe na rana, wani dattijo ya kira. Bai gaida kowa ba, sai ya ce: "Ku yara, ku sa muna Yazi Dogo mana, ko na minti biyar ne, mu tuna da." Muka yi dariya, muka ce mishi insha Allahu mako mai zuwa, Baba. Da aka kashe mikoro muka dubi juna. Ba mu da shi. Ba mu da ko minti ɗaya. A kwamfutar sutudiyo akwai waƙoƙin biki na Kano fiye da yadda mutum zai iya ji a shekara, amma na mutumin da ya sa Nijar duka dariya, babu.

Ga matasan da ba su sani ba, Yazi Dogo malamin lakwal ne da ya shahara da wasan kwaikwayo na Hausa, shi da ƙungiyarshi ta Damagaram, a zamanin da Télé Sahel ce kaɗai tele a ƙasar nan. An buɗe ta a 1979, lokacin Seyni Kountché, kuma a wancan zamani gwamnati ta rarraba akwatunan kallo na jama'a a garuruwa da dama, wasu ma da hasken rana suke aiki. Iyayenmu suna ba da labarin yadda ake shimfiɗa tabarmi tun bayan magariba, manya a gaba bisa kujeru, yara a ƙasa, mata can gefe da goyo. In an sa wasan Damagaram, ko aka nuno kokawar takobi, ba ka jin motsin kowa sai ihu. Sunan Kantu na Maraɗi, wanda yanzu filin kokawar birni ke ɗauke da shi, daga bakinsu muka fara jin shi.

Mu ba mu tarar da wannan ba, gaskiya. Mu ƴan shekara talatin da ɗoriya, kewar da muke yi rabinta aro ce. Namu zamanin na gidan bidiyo ne: dala biyar a bakin ƙofa, janareto yana kuka, fim ɗin Indiya da ba mu jin ko kalma ɗaya amma mun haddace waƙoƙin. Sai Ibro ya zo, sai Sangaya a 1999, shekarar da Mamman Shata ya rasu muka ga dattawa sun yi jugum a gindin rediyo kamar an yi mutuwa a gidansu. Muna da Sa'adu Bori namu na Maraɗi a kaset. Wanda ba shi da dala biyar kuwa, ta hujin zana yake leƙe har mai gida ya zo da bulala. Ƙannenmu mata da yawa ko leƙen ba a bar su sun yi ba. In muna cewa da can ya fi daɗi, sai mu riƙa tuna wa aka bari ya shiga.

To amma tele ta dare ce. Rana ta rediyo ce, kuma rana ta mata ce. Tsakanin hantsi da azahar, lokacin da maza suna gona ko kasuwa, rediyo na rataye a jikin rumfa, ana daka ana ji. A nan ne Inna ta yi sarautarta.

Ba za mu faɗi sunanta ba, don ba ta ba mu izini ba, kuma ba uwarmu ba ce ta jini. Duk wanda ya bi ta hannunta a aikin nan Inna yake ce mata. Shekaru masu yawa ta yi tana gabatar da shirin hira na mata da rana. Ba ministoci take gayyata ba. Ungozoma take kawowa, da mai kitso, da mai tuwo-tuwo ta tasha, da zabiya, da uwar ɗan kokawa. Ita ta koya muna zama gaban mikoro lokacin da muka fito daga lise da Faransancinmu a baki, muna ganin mun san komai. Ranar farko da ta ji mu muna hira da wani manomi, ta jira har muka gama, sannan ta ce: "Ɗiyana, kun yi tambaya takwas, bai amsa ko ɗaya ba. Kun bar shi ya yi numfashi?"

Bara da damina muka je gaishe ta a Maraɗi. Idonta ya yi rauni, ƙafa ma ta ƙi. Muna cikin hira ta sa jikarta ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Cike yake da kaye, irin na ƴan lakwal, wasu gara ta taɓa gefensu. Kowane shiri da ta yi, ta rubuta: rana, sunan baƙuwa, garinsu, abin da aka tattauna. Da bik shuɗi, da irin rubutunmu na ƴan lakwal ɗin Faransanci, inda "ci" ke zama "tchi", "kunu" ke zama "kounou". A gefen wasu sunaye akwai ɗan zagaye. Muka tambaya. Ta ce: "Waɗannan su ne sunka yi kuka." A gefen wasu akwai tauraro. "Waɗannan kuma ni sunka sa kuka."

Muka ce, Inna, ina muryoyin? Ta yi dariya har tana tari. Ta ce bandi kaɗan gare su, a naɗa yau, a watsa gobe, jibi a goge a naɗa wani bisa. Ba mugunta ba ce, babu ne. Duk waɗannan mata, muryarsu ta bi iska tun ranar. Abin da ya saura shi ne layi ɗaya a kaye da abin da ke kan Inna.

Sai muka ajiye waya tsakaninmu muka danna naɗi. Kusan awa huɗu tana magana. Ta ba mu labarin shekarar yunwar 1984, wadda mutanen yankin nan ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Wata mata ta zo daga ƙauye, an shirya za a yi hira da ita kan yaye. Inna ta tambaye ta me take ba yaron, matar ta yi shiru. Inna ta ce a ranta ta ƙirga ɗaya, biyu, har biyar, ba ta ce komai ba. Sai matar ta faɗi abin da suke ci a garinsu, da sunan ganyen, da sau nawa ake zubar da ruwanshi kafin ɗacin ya fita. Wannan wurin ba a watsa shi ba. Zamanin soja ne, kowa ya san iyakar bakinshi ba sai an gaya mishi ba. Inna ta ce ita da hannunta ta yanke bandin, kuma har yau in ta ga reza sai ta tuna. Ta ce: "Ku da kuke cewa zamaninmu ya fi, ku kun taɓa yanke maganar mai jin yunwa?"

Ba duka hirar ce mai nauyi ba. Ta kwaikwayi wata zabiya da ta ƙi yin waƙa sai an kashe fanka, wai iska na sace mata murya. Ta faɗi yadda wani miji ya biyo matarshi har ƙofar gidan rediyo da sanda, ya ji muryarta na fita daga rediyon mai gadi, sai ya tsaya, ya jingina sandar, ya ce wa mai gadi: "Matata ce fa." Mun yi dariya har jikarta ta leƙo.

Mako uku bayan nan wayar ta faɗa ruwa. Muna dawowa Safo bisa kabu-kabu, ruwan sama ya tare mu, aljihu ya cika. Mai gyara ya buɗe, ya girgiza kai. Mun yi niyyar kwafewa a kwamfuta, kullum muna cewa gobe. Awa huɗu na Inna, mu ma mun goge, kuma mu ba mu da uzurin rashin bandi.

Abin ya dawo muna sabo ne kwanan baya a fada. Muna shan shayi wani yaro ya nuna muna wani ɗan bidiyo a wayarshi: jariri ɗan shekara biyu yana buga ƙwallon golf a wani shirin tele na Amurka, a 1978. Tiger Woods ne, tun kafin duniya ta san shi. Mai shirin, Mike Douglas, ya yi kimanin shekara ashirin yana hirar rana a tele daga 1961, kuma da ya tsufa ya zauna ya rubuta littafin abin da ya gani da waɗanda ya zauna da su. Ga hoton, ga littafin. Yaro a Safo yana iya ganin jaririn Amurka na 1978 da yatsa ɗaya, amma ba ya iya jin muryar kakarshi da ta yi magana a rediyo shekara shida bayan haka.

Kada a ce Turawa sun fi mu hankali. Su ma sun yi wannan ɓarna: BBC ta goge ɗimbin shirye-shiryenta na shekarun 1960 da 1970 don ta sake amfani da bandi, yanzu tana bin mutane tana roƙon wanda ya ajiye kwafi. Bambancin shi ne sun farga. Faransa ta kafa hukuma guda, INA, a tsakiyar shekarun 1970, aikinta ajiyar abin da aka watsa. Mu kuma abin da aka rubuta a kan namu, yawanci ba da harshenmu ba ne. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta fitar da littafi da Ingilishi a 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar. Malam Chaibou Dan Inna ya rubuta kan Yazi Dogo da Faransanci. Allah ya saka musu, sun yi abin da ba mu yi ba. Amma dattijon da ya kira mu ranar Talata, wanne zai karanta?

Kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu, ba rashin kuɗi kaɗai ba ne. Akwai kunya. Bahaushe ba ya son ya ce "ni na yi". In ka ce wa tsohon ma'aikacin rediyo ya rubuta tarihinshi, sai ya ce shi wa, me ya yi, a bar wa manya. Inna ma haka ta ce da farko. Sai da muka ce mata ba labarinta muke so ba, na matan cikin kaye ne, sannan bakinta ya buɗe. Wataƙila haka littafin mai hira ya kamata ya kasance a wurinmu: mutum ya ɓuya bayan baƙinshi, kamar yadda ya yi duk rayuwarshi.

Mun koma wurinta bayan ƙaramar salla, da kunya muka faɗa mata abin da ya faru. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce: "To, ku ma kun zama ƴan rediyo ke nan." Muka sake danna naɗi. Amma ba Innar bara ba ce. Labarin zabiya ya haɗe da na mai kitso. Matar El-Buhari ta tuna ta, amma sunan ganyen ya ɓace mata. Ta yi ta juya hannu tana nema, daga baya ta ce a bar shi. Mu ma da muka ji shi bara ba mu riƙe ba. Mun samu minti arba'in kafin ta gaji. A daren nan muka kwafe shi wuri uku, ɗaya muka tura wa wani ɗan uwa a Yamai.

Dabarar da ta yi aiki ita ce kayen. In jikarta ta karanta suna da gari, sai Inna ta rufe ido, sai matar ta fito. Ba kowane suna ba, amma waɗanda ke da zagaye ko tauraro kusan duka suna nan. Mun ƙirga kaye goma sha ɗaya. Mun gama ɗaya da rabi. A cikin na biyu mun ci karo da mata uku daga Safo, kuma ɗaya daga cikinsu muna zaton mun san gidan.

Don haka ga roƙonmu. Duk wanda ke da tsohon kaset a ɗaki, na rediyo ko na bidiyo, wanda Baba ya naɗa daga tele ko Mama ta naɗa ranar da aka sa muryarta, kada ya jefar, kada ya ba yara su ja zaren su yi wasa. Ko ya yi ƙura, ko an rubuta wani abu dabam a bayanshi, ku kawo muna ko ku yi muna magana a ƙasan wannan rubutu, mu za mu zo. Za mu kwafe mu mayar muku da abinku a hannu. Wanda kuma uwarshi ko kakarshi ta taɓa zuwa hira a rediyo a Maraɗi a waɗancan shekaru, ya gaya muna sunan garinsu, mu duba kaye.

Baba mai kiran ranar Talata, in ɗiyanka sun karanta maka wannan, ka yi haƙuri, mun yi maka alkawarin abin da ba mu da shi. Muna nema. Wani direba ya ce akwai kaset biyu a gidan yayanshi a Tibiri, bai tabbata ko na Yazi Dogo ne ko na kokawa ba. Ranar Asabar za mu je mu gani, daga can mu wuce wurin Inna da kaye na biyu.