Tukunyar gas amana ce a kan hanya

Duk shekara, idan muka tashi daga Zangon Kumasi zuwa Salaga ziyarar 'yan uwa, mukan ja 'yar tirela ɗauke da tabarmi, rumfa da kayan girki, domin a fili muke kwana. Bara, da kwalta ta ƙare, ramuka suka yi ta jijjiga mu. Muna tsayawa sallar la'asar sai wari ya tarbe mu: ashe tukunyar gas da muka kwantar ta yi ta mirgina har bakinta ya sassauta, ga kuma yara na wasa kusa. Allah ne ya kiyaye.

Maigida bai yi faɗa ba, ya dai sa muka rubuta ƙa'ida. A tsaye ake ɗaukar tukunya, cikin tsohuwar taya, a ɗaure ta sama da ƙasa a jikin ƙarfe. A rufe bakinta, a cire tiyo. A bar kafar iska ta ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake taruwa. Da ruwan sabulu ake neman yoyo, ba da ashana ba.

Bana sai da muka gwada kowane ƙulli kafin muka yi addu'ar tafiya.